Yadda A Ke Gane Tsofaffin Kududdufai Da Ramukan Haƙa A Ƙasar Kankiya

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Kano zuwa Katsina, in ya wuce Bichi da Tsanyawa ya shiga ƙasar Kusada da Kankiya, ya duba dama da hauni, zai ga ramuka nan da can, waɗansu a bakin gari, waɗansu a tsakiyar gonaki, waɗansu kuwa a gefen hanya. Da damina su kan cika da ruwa, da rani su bushe. Yawancinmu ba mu kula da su, kome mu ka gani sai mu ce kududdufi ne, mu wuce. Amma fa ba dukansu ne iri ɗaya ba. Akwai wanda ruwa ya yi da kansa, akwai wanda hannun mutum ya haƙa, kuma ko wane rami da mutum ya haƙa yana da dalili. Wanda ya iya rarrabe su zai karanta labarin gari a jikin ƙasa, ko da babu takarda.

Wannan ilmi ya shafe mu ƙwarai, 'yan'uwa, domin yawancinmu ƙauyuka za a tura mu koyarwa. Can kuwa malamin makaranta shi a kan tambaya inda ya kamata a kafa sabon aji, ko a haƙa rijiya, ko a yi salga. In bai san inda tsohon rami ya ke kwance ƙarƙashin ƙafarsa ba, sai ya ba da shawarar da za ta jawo hasara.

Irin ƙasar

Kankiya tana wajen mil 40 kudu maso gabas da birnin Katsina, Kusada kuwa maƙwabciyarta ce ta wajen iyakar Kano. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, sai tudu kaɗan da kwari kaɗan. A sama akwai rairayi, ƙarƙashinsa jar ƙasa da burji da marmara, can ƙasa kuma dutse mai tauri, wanda ya kan ɓullo fili a waɗansu wurare. A cikin fadamu a ke samun laka da yumɓu. Ruwan sama kuwa wata huɗu ne ko biyar a shekara, sauran watanni duk rani. To, abu biyu ke nan mutanen wannan ƙasa su ke bukata tun kaka da kakanni: ƙasar gini, da wurin da zai riƙe ruwa bayan damina ta wuce. Rami ɗaya ya kan biya bukatun nan duka biyu.

Garuruwan kuma ba na jiya ba ne. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya bi ta Kusada a farkon shekarar 1851 sa'ad da ya tashi daga Katsina zai tafi Kano, ya kuwa rubuta sunanta a littafinsa. Garin da ya daɗe haka ya sha gini da rushewa, ko wane gini kuwa daga wani rami a ka ɗebo shi.

Tabki da kududdufi

Abu na farko shi ne a rarrabe aikin ruwa da aikin mutum. Ga alamomi guda huɗu.

Ta ɗaya, wurin da ramin ya ke. Ruwa ba ya hawa tudu. Tabkin da ya samu da kansa a kwari ya ke, ko a fadama, ko a tsohuwar hanyar ƙorama, inda ruwan gonaki ya ke gangarowa ya taru. In ka ga rami a kan tudu, ko a gefen gangare inda babu abin da zai tara ruwa, to, mutum ne ya haƙa shi.

Ta biyu, bakinsa. Bakin tabki a kwance ya ke, mutum zai yi ta tafiya yana gangarawa sannu sannu, har ba zai iya nuna daidai inda tabkin ya fara ba. Ramin da a ka haƙa kuwa yana da gaɓa, ko da gefe ɗaya ne, inda magina su ka yi ta sara da diga. Shekaru su kan zaizaye gaɓar, amma da wuya su shafe ta sarai. Sau da yawa kuma za ka ga gefe guda a kwance, watau ta nan jakuna su ke sauka a ɗora musu mangala.

Ta uku, siffarsa. Ruwa ba ya yin kusurwa. In ka ga gefe miƙaƙƙe, ko lungu mai kusurwa, ko ramuka da yawa da su ka haɗe har bakinsu ya zama gantsare gantsare, da ɗan tsibiri a tsakiya inda a ka bar gindin itace, wannan aikin hannu ne.

Ta huɗu, ita ce mafi amfani: ina ƙasar da ta fita daga ramin ta tafi? In an haƙa rami don ruwa, ba a bukatar ƙasar, sai a jibge ta a baki ta zama tudu, galibi ta wajen gangare don ta tare ruwa. In kuwa don ƙasar a ka haƙa, ba za ka ga tudu a baki ba, an kwashe ta an yi gini. Saboda haka in ka ga babban rami ba tudu kusa da shi, sai ka nemi ginin da ya cinye ƙasar.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga yawan abin. A ce ganuwar wani gari tsawon kewayenta yadi 2,000 ne, tsayinta yadi 4, kaurinta kuwa in an daidaita gindi da sama yadi 2. In mu ka yi awo da akwati mai yadi ɗaya ta ko wane gefe, ƙasar da ke cikin ganuwar ta cika akwati 16,000. Kafin a sami wannan ƙasa sai an haƙa rami mai tsawon yadi 100, da faɗin yadi 80, da zurfin yadi 2. Ganuwa kaɗai ke nan, ba a ƙidaya gidaje da masallaci da rumbuna ba, ba a kuma ƙidaya yaɓen da a ke sakewa bayan damina ba. Shi ya sa ba a samun tsohon birni a ƙasar Hausa wanda ba shi da kududdufai. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda a ke lissafin sarautarsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa kuma (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da ƙasa a ka gina ta, haka kuma tsohuwar Kwalejin Katsina da a ka buɗe a 1922.

Ire-iren ramuka

Na farko, kududdufin gini. Shi ne ya fi yawa. Yana cikin gari ko a bakinsa, a wurin jar ƙasa mai danƙo wadda ta ke yin tubali mai kyau. In ka tarar da irinsa a daji inda babu gida ko ɗaya, sai ka duba kewaye da kyau. In akwai kukoki a tare wuri guda, da tsamiya, da tsingaro a warwatse cikin kunyoyi, da guntun dutsen niƙa, da ƙasa mai launin toka wadda hatsi ya fi yin kyau a kanta, to, kana tsaye a kufai ne. Mutane sun tashi, gidaje sun narke sun koma ƙasa, ramin kaɗai ya rage yana ba da shaida.

Na biyu, gwalalo, watau ramin da ke bin bayan ganuwa. Shi dogo ne, siriri, yana lanƙwasa, kuma ta gefensa na ciki akwai tudu mai bin sa. Ko ganuwar ta faɗi, in ka bi shi da ƙafa zai kewaya da kai ya komo inda ka fara. Inda ya yanke, ƙasa ta zama daidai, nan ce tsohuwar ƙofa, sau da yawa kuwa za ka ga har yanzu turba ta nan ta ke bi. Kada a rikita shi da kwazazzabo: kwazazzabo gangare ya ke bi, yana rassa kamar itace, yana ƙara zurfi ta wajen kwari, gwalalo kuwa ba ruwansa da gangare, ya kan hau tudu ya sauka.

Na uku, ramin yumɓu na masu ginin tukwane. Wannan ƙarami ne, a bakin fadama ko gefen ƙorama, kuma a kan rarake shi ta ƙarƙashi ana bin jijiyar yumɓu mai kyau, har bakin ya yi rumfa. Irinsa ya kan rufta, saboda haka a hana yara shiga. Kusa da shi a kan sami wurin gashin tukwane, da toka da fasassun tukwane masu yawa.

Na huɗu, ramin tama. Kafin ƙarfen Turawa ya yawaita, mutanen ƙasar nan da kansu su ke haƙo tama su narka. An auna gawayin wani wurin narka tama a gindin Dutsen Dala a Kano, a ka ga ya kai wajen ƙarni na 7. Ramukan tama ƙanana ne, amma su kan zo da yawa wuri guda a kan tudun marmara, ko wanne da ɗan tsibin tsakuwa a bakinsa. Babbar shaida ita ce kashin maƙera: baƙin abu mai nauyi, mai ƙofofi, wanda ya yi kamar ya narke ya daskare. In ka same shi tuli, tare da guntayen ƙonanniyar laka, to, nan a ka yi narka.

Na biyar, karofi. Tsohuwar marina ba ta ɓuya ga wanda ya san ta. Ramukan zagayayyu ne, bakinsu ƙanƙane, a jere kusa da juna, cikinsu a shafe da laso mai tauri. Gefe kuma akwai tudun katsi da toka, fari fari. Wanda ya ke so ya ga yadda su ke sa'ad da su ke aiki, sai ya duba marinar Ƙofar Mata a Kano.

Na shida, ramin burji na masu aikin hanya. Tun da a ka fara yin hanyoyin mota a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, a ke ɗibar burji a gefen hanya. Irin wannan rami yana bin hanya, ba ya bin gari. Yana da faɗi, gindinsa a shimfiɗe, ja wur, ciyawa ba ta cika fitowa a ciki ba, kuma akwai mashigar mota ta gefe ɗaya. Na zamanin injin haƙa ya fi zurfi, gaɓarsa a tsaye kamar bango, shi ya sa ya fi sauran haɗari in ya cika.

Na bakwai, mafasar dutse. A jikin fa za ka ga inda a ka ɓamɓare, launinsa ya fi na sauran dutsen haske, gefensa da kaifi, ƙasa kuma cike da ɓarɓashi. In an yi aiki da nakiya, a kan ga sawun ramukan da a ka huda a jere. Kwarmin da ruwa da rana su ka ci a kan dutse kuwa sumul ya ke, ba kaifi.

Na takwas, mashaya. Inda burtali ya biyo ya ƙare a wani rami mai faɗi, bakinsa duk a tattake, to, ko da asalinsa tabki ne, mutane da kofaton shanu sun ƙara masa girma, kuma mai yiwuwa an sha yashe shi. Irin wannan na kowa ne, noma shi kuwa ya kan jawo rigima tsakanin manoma da makiyaya.

Lokacin dubawa da yadda a ke yi

Lokaci mafi kyau shi ne bayan kaka, an kwashe kara, ƙasa ta fito fili. A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta ke ƙasa ƙasa, domin a lokacin ko tudun da bai wuce taƙi ɗaya ba ya kan yi inuwa. Da tsakar rana kome a shafe ya ke. Lokaci na biyu shi ne bayan ruwan fari: inda ruwa ya kwanta ya daɗe, da inda ciyawa ta riga fitowa, a lura da shi. Da farkon rani kuma, wurin da ya rage kore bayan ko ina ya bushe yana nuna ƙasa mai zurfi mai riƙe laima, sau da yawa ramin da ya cike ne. Itatuwa ma su kan taimaka: giyayya ba ta son nisa da inda ruwa ke kwanciya, bado kuwa sai inda ruwa ya kan daɗe.

Kayan aiki ba su da tsada: igiya mai ƙulli a ko wane yadi, da sanda, da littafi da fensir. A auna tsawo da faɗi da zurfi, a zana siffar ramin, a nuna arewa, a rubuta irin ƙasar da ke jikin gaɓa daga sama zuwa ƙasa, da abin da a ka gani a kewaye. Yanzu kuma akwai hotunan tauraron ɗan'adam, irin na Google Earth, waɗanda a ke dubawa ko a wayar hannu. Daga sama gwalalon da ya cike ya kan fito kamar zobe a cikin gonaki. Amma hoto nuni kaɗai ya ke yi, sai an taka wurin a ke tabbatarwa.

Sa'an nan a tambayi dattawa, tambaya ita ce mabuɗin ilmi. A fara gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗa masa abin da a ke nema, kada a shiga gonar mutum ba izini. A tambayi sunan ramin, da wanda ya haƙa shi, da abin da a ka gina da ƙasarsa. Sunaye su kan riƙe labari bayan abin ya ɓace: unguwar da a ke kira Marina, ko Maƙera, ko Bakin Ganuwa, ko wurin da sunansa ya fara da Kufan, duk sun faɗi abin da ya taɓa kasancewa. A ji daga bakin mutum biyu ko uku, a gwada da abin da ido ya gani.

Misali daga Ingila

Kada a zaci mu kaɗai ne mu kan manta asalin ramukanmu. A lardin Norfolk na Ingila akwai waɗansu manyan tabkuna da jirage ke yawo a ciki, masana kuwa sun daɗe suna cewa ruwa ne ya yi su. Wata malama mai ilmin tsire-tsire, Joyce Lambert, ta yi ta huda ƙasa a bakinsu tana dubawa, sai ta ga gaɓarsu a tsaye ta ke, gindinsu a shimfiɗe. A 1952 ta bayyana cewa ramuka ne da mutanen da su ka haƙa, suna ɗibar wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓiyar ciyawa da a ke busarwa a ƙona maimakon itace, daga baya ruwa ya cika su wajen ƙarni na 14. Tsofaffin takardun ciniki kuma su ka gaskata ta. A lardin nan dai akwai wani fili mai ramuka fiye da 400, Grime's Graves, wanda ba a san asalinsa ba sai da wani limamin coci, William Greenwell, ya tona ɗaya ya gama a 1870. Ya tarar mahaƙar dutsen ƙanƙara ce, har da ƙahonin barewa da a ka yi haƙa da su. Yanzu an san aikin ya kai shekara 4,500. Ku duba, alamar da ta warware maganar tabkunan nan ita ce wadda mu ka ambata a sama, watau bakin rami.

Abin da ya sa ya kamata mu kula

Na farko, gini. Kududdufin da a ka cike da shara ba ya zama ƙasa mai ƙarfi. Shara tana ruɓewa tana lotsawa shekara da shekaru, ginin da a ka ɗora a kai sai ya tsage, daɓe ya dinga jiƙa. In ana haƙa harsashi a ka ga baƙar ƙasa mai laushi da tsumma da ƙashi da toka, alhali maƙwabta jar ƙasa su ka samu, a tsaya a sake shawara. Rijiya kuma kada a haƙa ta kusa da irin wannan wuri. Har wa yau, kududdufi shi ne matattarar ruwan unguwa. In an cike shi ba a yi wa ruwa wata hanya ba, ruwan ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya shiga gidaje.

Na biyu, lafiya. Kurkunu daga shan ruwan kududdufi a ke samunsa. A 1988 an ƙidaya masu ciwon fiye da 650,000 a Nijeriya, a ka yi ta fama da tace ruwa da haƙa rijiyoyi, har a ka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shaida an rabu da shi a 2013. Amma tsargiya tana nan, ƙwayarta tana girma a jikin katantanwar ruwa, ta shiga fatar yaron da ya yi wanka. Sauro ma a nan ya ke haihuwa. Tsohuwar mahaƙa kuwa tana iya ɗauke da guba: a 2010 dalmar da ke haɗe da dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Saboda haka sanin abin da a ka haƙa a rami yana da amfani kafin a bar yara su yi wasa a ciki.

Na uku, tarihi. A Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Mani, akwai waɗansu tuddai da mai wucewa zai ɗauka tsibin ƙasa ne kawai. Baturen mulki Palmer ya tona waɗansu a 1907, a ka sake tono a 1992, a ka sami kaburburan manyan mutane da kayan tagulla da hauren giwa da zinariya, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. To, wannan ya nuna tudu ko rami ba abin rainawa ba ne. Amma fa aikinmu dubawa ne da aunawa da rubutawa, ban da tono. Wanda ya tona ba da sani ba ya ɓata shaidar har abada. In an ga wani abu na musamman, a sanar da hakimi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda a ka kafa a 1979.

Shawarar da za a bayar ita ce, ko wane ɗalibi da zai tafi gida hutu, ko daga Kankiya ya ke, ko Kusada, ko wani gari, ya zaɓi rami guda uku na garinsu, ya auna, ya zana, ya tambayi dattawa, ya kawo abin da ya samu. Ƙasa tana cike ramukan nan kullum, masu gini suna hawa kansu, tsofaffin da su ka san labarinsu kuma suna ƙarewa. Abin da a ka rubuta bana zai yi wa na baya amfani. Allah ya sa mu dace, amin.